AMSAR TAKARDA DAGA GWIWA: IN KAI ƊANA MAKARANTAR MISHAN KO KUWA?

   

Yau takarda guda ce za ta cinye mana yawancin lokaci, saboda haka waɗanda suka aiko da tambaya kan taki da tsutsar wake su yi mana haƙuri. Takardar ta fito ne daga ƙasar Gwiwa, daga wani manomi da ke ɗan taɓa sayar da hatsi. Ya roƙa a sakaya sunansa da na ƙauyensu, mun kuwa sakaya.

Ga abin da ya rubuto a taƙaice. Yana da yaro ɗan shekara 12 wanda ya gama firamare bana, malamansa sun ce yana da ƙwaƙwalwa. Ƙanen mai takardar yana harkar hatsi a kasuwar Dawanau ta Kano, shi ne ya zo da maganar wata sakandare ta Kiristoci a can birni, ta kwana, wadda yaranta ke cin jarrabawa sosai. Ya ce in an yarda, shi zai ɗauki rabin kuɗin. Uwar yaron ta ce sam. Malaminsa na allo ya ce a yi hattara. A majalisa kuwa kowa da tasa: wani ya ce za a yi wa yaron wankan shiga addini cikin dare ba da saninsa ba, wani ya ce za a sauya masa suna, wani kuma ya ce duk tatsuniya ce, ga su wane da wane sun yi makarantar fada sun fito da sallarsu. Ga shi ana neman kuɗin shiga tun gero bai shigo gida ba. Shi ne yake tambaya, me ake koya wa yara na addini a irin wannan makaranta, me suke yi in an tashi daga aji, kuma shin ana tilasta wa ɗan Musulmi?

To Malam, mun gode da wannan takarda. Ni sai da na riƙe alli na wasu shekaru kafin in zo gidan rediyo, don haka zan amsa maka da abin da ke cikin aji da abin da ke wajensa. Amma bari mu ɗan waiwaya tukuna, domin makarantar mishan ba baƙuwa ba ce a masarautar Kazaure.

Lokacin da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa musu addini ba. Saboda wannan alkawari gwamnatin Turawa ta daɗe tana taka wa 'yan mishan birki a ƙasashen sarakunan Musulmi. Duk da haka Likita Mila na ƙungiyar CMS ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, da ɗan ɗakin shan magani da 'yar makaranta, har wajen 1929 aka fitar da mishan ɗin zuwa Wusasa. Wannan makaranta ta Wusasa ita ta yaye Dokta Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da Janar Yakubu Gowon. A 1932 ne aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausar boko.

Ta wajenmu nan kuwa ƙungiyar SIM ce ta shigo, kuma ta ƙofar magani ta shigo. Wajen 1937 aka damƙa mata asibitocin kutare na Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. A 1943 ta buɗe asibitin ido a Kano, wanda da yawa daga cikin dattawan Gwiwa da Babura sun san hanyarsa. Sannan ta kafa tasha a Roni, maƙwabtanku, inda ta yi makarantar kwana ta samari tun kafin mulkin kai, har daga ƙasar Maraɗi an riƙa kawo yara can. Majami'un da wannan ƙungiya ta kafa su ne suka zama ECWA a 1954.

Kada mu ɓoye wa juna, waɗanda suka gina waɗannan makarantu sun gina su ne don yaɗa addininsu, kuma su da kansu ba su taɓa musun haka ba. Suna koya wa yaro a-ba-ca-da ne domin ya iya karanta littafinsu da kansa. Tsoron da kakanninmu suka yi wa boko a nan ya samo tushe. Sai dai tsoron ya haɗa har da makarantun En'e waɗanda sarakuna ke riƙe da su, ana ɓoye yara a rumbu in an ga dogari, kuma har yau muna biyan bashin wannan.

Bayan yaƙin basasa, a farkon shekarun 1970, gwamnatocin jihohi suka karɓe yawancin makarantun mishan suka sauya musu suna. St. John's ta Kaduna ta koma Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta koma Queen Amina, St. Paul's ta Wusasa ta koma Kufena. Wasu kaɗan sun ci gaba da sunansu, kamar St. Louis ta 'yan mata da ke Bompai a Kano, wadda sistocin da suka kafa ta suka iso Kano daga ƙasar Ailan a 1948, kuma 'ya'yan Musulmi da dama sun yi karatu a cikinta. Mafi yawan waɗanda ake kira makarantun Kirista a yau sababbi ne, masu zaman kansu, wata ta majami'a ce, wata ta wani fasto, wata ta ɗan kasuwa kawai wanda ya ga sunan yana jawo iyaye. Halinsu bai zama ɗaya ba ko kaɗan. Don haka labarin wane da ya yi makarantar fada a 1965 ba zai gaya maka yadda wadda ƙanenka ya samo take ba.

Yanzu ga darasin cikin aji. Darasi ne da ke cikin manhajar gwamnati, kamar yadda darasin addinin Musulunci yake ciki. Galibi sau biyu ko uku ake yinsa a mako, minti 35 ko 40 kowane zama, akwai littafi, akwai gwaji, akwai maki a katin sakamako. Ana farawa da labaran Tsohon Alkawari: halittar duniya, Nuhu da jirginsa, Ibrahim, Yusufu da 'yan'uwansa, Musa da Fir'auna, Dauda, Sulemanu, Yunusa a cikin kifi. Ka ga ke nan rabin sunayen yaronka ya riga ya san su, kuma a nan ne zai ji kamar yana gida. Ana ciro darasin ɗa'a daga kowane labari, biyayya ga iyaye, riƙon amana, sharrin hassada, haƙƙin talaka a kan mai mulki. Har nan babu uban da zai yi ƙorafi mai yawa, ko da yake yadda ake ba da labarin wasu annabawa ya sha bamban da yadda malamin allo zai ba da shi.

Inda hanya ta rabu shi ne Sabon Alkawari. Malamin zai koyar cewa Yesu Ɗan Allah ne, an gicciye shi, ya mutu, ya tashi a rana ta uku, kuma ta wurinsa ake samun ceto. Wannan shi ne ginshiƙin addinin Kirista, ba za ka ce malami ya tsallake shi don ɗanka yana aji ba. Kai kuwa ka tarbiyyantar da yaro a kan cewa Annabi Isa, alaihis salamu, bawan Allah ne kuma manzonsa, Allah ya tsirar da shi daga maƙiyansa. Babban mutum yana iya riƙe abu biyu a kansa, ya san wannan na jarrabawa ne, wancan na zuciya. Yaro ɗan shekara 12 wannan aiki ne babba a gare shi, balle in kowane mako ana ba shi aya ya haddace. Kuma ina tabbatar maka, yaron da ya saba hadda a makarantar allo shi zai riƙa zuwa na ɗaya a wannan hadda, a tafa masa a gaban aji.

Abin da ya kamata ka sani shi ne, darussan nan biyu a rabe suke a tsarin gwamnati. An taɓa cusa su ƙarƙashin inuwa guda a manhajar ƙananan makarantu, aka yi ta ka-ce-na-ce, har a 2017 gwamnatin tarayya ta ba da umarni a raba su, kowane ya tsaya da ƙafarsa. A jarrabawar WAEC da NECO ma kowane takardarsa daban, kuma zaɓi ne. In burinka yaro ya zama likita, abin da jami'a ke nema shi ne Ingilishi, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji. Amma makaranta ce ke yi wa yaro rajistar jarrabawa, kuma makarantar da ba ta da malamin addinin Musulunci, darasin da take da malaminsa za ta rubuta masa. Ka riƙe wannan.

To amma Malam, in ka tambaye ni, darasin aji shi ne ƙaramin abu a cikin maganar nan. Minti 40 sau uku a mako, awa biyu ke nan. Mako kuwa yana da awa 168, kuma a makarantar kwana dukkansu a hannun makaranta suke.

Bari in zana maka yini guda kamar yadda ya saba kasancewa a irin waɗannan makarantu. Ana kaɗa ƙararrawa tun da asuba, wajen ƙarfe biyar ko biyar da rabi. Kafin shara da wanka akwai addu'ar safe a ɗakin kwana, wani babban ɗalibi ya karanta aya, a yi waƙa ɗaya ko biyu. Kafin a shiga aji akwai taron safe, wanda yara ke kira asambili: a jeru layi-layi, a yi waƙar yabo, a karanta Littafi Mai Tsarki, shugaban makaranta ko fasto ya yi gajeren wa'azi, a rufe ido a yi addu'a, sannan taken ƙasa da sanarwa. Kafin a ci abinci addu'a, bayan karatun dare addu'a. Ranar Lahadi akwai sujada da safe, sau da yawa har da ta yamma. In ta Katolika ce akwai Mas, akwai jan carbi irin nasu musamman a watan Mayu da Oktoba, akwai karatun katikizim ga 'ya'yansu. Kafin hutun Kirsimeti ana shafe makonni ana koyon waƙoƙi da wasan kwaikwayon haihuwar Yesu.

Sai ƙungiyoyi, kuma a nan ne zuciyar yaro take. Akwai Zumuntar Ɗalibai Kirista, wato FCS, wadda aka kafa a Gindiri ta Jihar Filato a 1957. Ita ce takwarar MSS ta ɗalibai Musulmi, wadda aka kafa a Ikko a 1954. Suna taruwa mako-mako, su yi nazarin littafinsu, su yi gasar kacici-kacici, su ziyarci marasa lafiya, lokacin hutu su tafi sansani da ɗaliban wasu makarantu. Katolika suna da tasu ƙungiyar ɗaliban daban. Akwai ƙungiyar mawaƙa, wadda ita ce ado a kowane biki. Akwai 'yan Birged, masu kaki da hula da ganga da bigila, waɗanda aka faro a birnin Gilasgo na ƙasar Sikotilan a 1883, suka iso Nijeriya a 1908. Ka gan su suna fareti sai ka ce ƙananan sojoji, amma ƙungiya ce ta majami'a, fareti da nazarin addini tare suke tafiya. Yanzu kai ka duba, yaro ya taso daga ƙauye a ƙasar Gwiwa, bai san kowa ba, yana kewar uwarsa, ga abokan ɗakinsa sun sa kaki suna buga ganga ranar Asabar da yamma, shi yana zaune a bakin baranda. Kwana nawa zai yi yana kallo?

Ba wai duk ƙungiyoyin na addini ba ne. Akwai ta muhawara, ta manoma matasa mai kula da gonar makaranta, ta 'yan jarida, ta kimiyya, ga ƙwallo da guje-guje. Kuma gaskiya ɗaya ce, masu kyau daga cikin makarantun nan sun iya riƙon lokaci. Malami yana shiga aji, ana duba littafin yaro, ana sa shi ya tsaya gaban jama'a ya yi magana. Abin da ke sa yaransu cin jarrabawa ke nan, babu wani siddabaru. Da makarantunmu na ƙauye za su sami malamin da ke zuwa ƙarfe takwas ya tashi ƙarfe biyu, da ba ka rubuto wannan takarda ba.

Maganar wankan dare kuwa, ka ajiye ta. Baftisma ba a ɓoye ake yinta ba. Katolika da Angalika suna yi wa jariransu ne a gaban iyaye da shaidu. ECWA da Baftis sai mutum ya yi wayo, ya furta da bakinsa, ya zauna ajin koyarwa, sannan a yi masa a bainar jama'a. Gurasa da ruwan inabin da ake rabawa a sujada ma na 'yan ikilisiya ne waɗanda aka riga aka yi wa baftisma. Babu wanda zai kama ɗanka cikin barci. Abin da ke faruwa da gaske ya fi wannan sauƙi, shi ya sa ya fi shi ƙarfi. A wasu makarantu ana gayyato mai wa'azi na kwana biyu ko uku, a yi waƙa, jiki ya yi sanyi, a ƙarshe ya ce duk mai son ya ba da ransa ya fito gaba. Abokai su tashi, yaro ya ga shi kaɗai ya rage a benci. Haka nan ɗan Kirista yake ji in shi kaɗai ne a cikin ɗalibai Musulmi ɗari uku, an kira salla kowa ya tashi. Zama da maɗaukin kanwa, in ji Hausawa, shi ke kawo farin kai.

Akwai kuma abin da ya kamata yaro ya sani ko ina za ka kai shi, wato kame baki. A watan Maris na 1987, a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, taron wa'azin ɗalibai ne ya jawo gardama tsakanin 'yan ƙungiyoyin nan biyu, kafin mako ya zagayo wuta ta kai Kaduna, Zariya da Funtuwa, aka rasa rayuka, aka ƙone wuraren ibada. Daga harabar makaranta abin ya tashi. Shugaban makarantar da ya san aikinsa ba ya barin a zagi addinin kowa, ko a taron safe ko a ɗakin kwana.

Mu zo ga doka. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, sashe na 38, ƙaramin sashe na 2, ya hana a tilasta wa ɗalibi a kowace makaranta ya ɗauki darasin addini, ko ya halarci wata ibada, in addinin ba nasa ba ne, ko kuma ba wanda iyayensa ko mai riƙonsa suka amince da shi ba ne. Ƙaramin sashe na 3 kuma ya ce jama'ar da ke ɗaukar nauyin makarantarsu ɗungurungum, ba za a hana su koya wa 'ya'yansu addininsu a cikinta ba. Wato su suna da haƙƙin yin sujadarsu, ɗanka yana da haƙƙin a ƙyale shi.

Amma ka lura da kalmar nan ta amincewar iyaye ko mai riƙo. A nan ne gizo ke saƙa. Makarantu masu zaman kansu da yawa suna da fom na shiga, da Turanci, wanda a ƙasansa akwai layin da ke cewa uba ya yarda ɗansa zai bi dukkan dokokin makaranta, har da halartar taron safe da sujada. Ka dangwala yatsa a wurin ba ka sa an karanta maka ba, gobe ka zo da ƙorafi, sai a buɗe durowa a nuna maka yatsanka. Kuma tunda ƙanenka ne a Kano, mai yiwuwa shi za a rubuta a matsayin mai riƙo, shi zai sa hannu. To hannunsa ya zama naka. Ban ce ƙanenka yana da wata mummunar niyya ba, alheri yake nufi, amma ɗan kasuwa mai sauri ba ya tsayawa karanta shafi huɗu.

Saboda haka Malam, gani ya kori ji. Ka ɗauki kuɗin mota ka je da kanka, kada ka aika. Ka kwana wajen ƙanenka, ka isa makarantar ranar aiki kafin ƙarfe takwas, ka roƙi izini ka tsaya a bayan layi ka ga taron safe da idonka. Ka tafi da wanda ya iya Turanci, ko malamin firamaren garinku. Ka nemi a nuna maka jadawalin yini gaba ɗaya, daga ƙararrawar asuba zuwa ta kwanciya, har da na Lahadi. Ka tambaya ɗalibai Musulmi nawa ne, kuma ina suke yayin da ake sujada. In an ce suna da wurin salla, ka ce a kai ka, ka duba ko akwai tabarma da buta, ko kuwa kujeru ne karyayyu aka tara a ciki. Ranar Juma'a wa ke raka su masallaci? Da azumi wa ke buɗe kicin da sahur? Wa ke yanka naman da ake dafawa? Akwai malamin addinin Musulunci, ko za a yarda ka kawo? In ka sami dama ka ja wani ɗalibi Musulmi gefe, ba a gaban malami ba, minti biyar da shi sun fi awa guda a ofis. Duk abin da shugaban makaranta ya yarda da shi, ka roƙa a rubuta a sa hannu a buga hatimi, domin shugaba yana sauyawa, takarda tana nan. Wanda ya ɓata rai don ka yi waɗannan tambayoyi ya riga ya ba ka amsa. Wanda kuma ya gaya maka ƙiri-ƙiri cewa a nan kowa sai ya shiga sujada, ka gode masa, mai gaskiya ne, ya hutar da kai.

Masu 'ya'ya mata su ƙara da maganar hijabi tun kafin a ɗinka yunifom. A Ilori a 2021 sai da aka rufe makarantu goma na wani lokaci a kan wannan magana. Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a 2022 wanda ya ba ɗalibai damar sa hijabi, a kan makarantun gwamnatin Jihar Legas aka yi shari'ar, kada ka ɗauka kai tsaye ya hau kan mai zaman kanta.

Ka ce in gaya maka ra'ayina, to ga shi. In makarantar tana karɓar 'yan jeka-ka-dawo, yaro ya zauna gidan baffansa, ya yi sallar asuba da shi, ya je boko da safe, ya je Islamiyya da yamma, ban ga laifi ba, dubban yara a Kano da Kaduna da Jos haka suke yi. Amma kwana, ga yaro ɗan shekara 12 wanda bai taɓa barin gida ba, ba zan ba ka shawara ba sai in ka ga wurin salla da idonka, ka ga abokan da zai yi jam'i da su, ka riƙe takarda a hannu. In babu waɗannan, a haƙura. Kuma da wani Kirista ne daga Roni ya tambaye ni kan kai ɗansa makarantar kwana ta Islamiyya, amsar da zan ba shi ke nan.

Uwar yaron ma kada a mayar da ita 'yar kallo. Ka dawo ka zayyana mata abin da ka gani. Sannan ka yi lissafin kuɗi da kyau. Sakandare shekara shida ce, zango goma sha takwas, ban da yunifom, littattafai, kuɗin jarrabawa da na mota ranar ziyara. Ka mayar da kuɗin zango ɗaya buhunan gero ko na riɗi, ka ninka, ka duba rumbunka. Rabin da ƙanenka ya ɗauka, kasuwa ce ke biya, kasuwa kuwa yau taka gobe ta wani. Yaron da aka cire a aji uku don kuɗi sun yanke ya fi wanda ba a kai ba shan wahala. Ka tuna kuma akwai makarantun gwamnati masu kyau da ake shiga da jarrabawa: Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Kiyawa, ta 'yan mata da ke nan Kazaure, da makarantar masu hazaƙa ta Bamaina a ƙasar Birnin Kudu. Jarrabawar shiga kwalejojin tarayya tun yaro yana aji shida ake rubuta ta, don haka masu yara a aji biyar su fara tuntuɓar hedimasta tun yanzu.

Kafin lokaci ya ƙure, akwai wata gajerar takarda da ta dace da wannan, daga wata baiwar Allah Kirista a ƙasar Roni. Ta ce 'yarta tana ƙaramar sakandare ta gwamnati, babu malamin addinin Kirista, in an shiga darasin addinin Musulunci wani lokaci ta zauna a ajin, wani lokaci ta fita gindin bishiya, ga jarrabawar aji uku tana tafe. Me za ta yi?

'Yar'uwa, sashen nan na 38 da na karanta wa mutumin Gwiwa, naki ne ke ma, babu ragi. Ba a da ikon tilasta wa 'yarki zama a darasin, kuma ba a da ikon dukanta ko rage mata maki don ta fita. Amma gindin bishiya ba aji ba ne. Ki nemi sauran iyaye masu irin wannan damuwa, ko su biyar ne, ku je wurin shugaban makaranta tare, cikin ladabi, ku kai maganar taron iyaye da malamai. In bai iya ba, ku rubuta takarda zuwa ofishin ilimi na yankinku, ku ajiye kwafi. Kafin a turo malami, ku duba cikin majami'arku ko akwai mai takardar NCE da zai riƙa zuwa sau biyu a mako da izinin makaranta, ko ya tara yaran ranar Asabar ya bi da su manhajar gwamnati, domin abin da ake koyarwa a Makarantar Lahadi daban yake da abin da ke fitowa a jarrabawa. Abu mafi gaggawa shi ne rajista: ki je da kanki ki ga darasin da aka rubuta wa yarinyar kafin a tura sunaye, don in an tura gyaran yana da wuya.

Masu tambayar taki da tsutsar wake, da mai tambayar bashin banki daga Babura, takardunku suna nan a kan tebur, da su za mu fara mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.